Kiwon Karnuka Don Haihuwa: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a 'yan watannin nan sun nuna cewa kiwon karnukan gadi ya fara shiga ran mutanen da a da ko kallon kare ba sa yi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ɓarawo ya taɓa haura wa katanga. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun kuma ba ta farko wuri mai faɗi domin ta ƙunshi yawancin abin da sauran suke tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne da ya kusa ritaya, ina zaune a bayan garin Kaduna a gida mai fili. Saboda sace-sacen da suka addabi unguwarmu na sayi 'yar kwikwiyo irin Jaman Shefad, yanzu watanninta goma sha ɗaya, kuma ta fara ɗigar da jini ta baya, wanda aka ce mini alamar neman namiji ce. Maƙwabcina yana da namiji irinta, ya ce mu haɗa su mu raba 'ya'yan tun da suna da kasuwa. Ina son wannan abu ya zama sana'ata bayan ritaya, amma ba na son in zalunci dabba ko in cuci mai saye. Ta ina zan fara? Af, na mance, wurin mutum ɗaya muka sayi karnukan ni da maƙwabcin nawa.
Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kai ka ritaya lafiya. Shawarata ta farko ba za ta yi wa maƙwabcinka daɗi ba, ita ce ka bar wannan karon ya wuce ba tare da an yi barbara ba. Gaskiya ne karya 'yar wata goma sha ɗaya tana iya ɗaukar ciki, amma ita kanta ba ta gama girma ba, domin manyan karnuka irin taka ƙashinsu ba ya gama ƙwari sai sun kai wata 18 zuwa 24, kuma abincin da ya kamata ya gina jikinta shi 'ya'yan cikin za su janye. Irin waɗannan ƙananan iyaye ne kan firgita da haihuwar fari, su ƙi shayarwa ko su danne 'ya'yan. Jira ba zai sa ka asarar komai ba, tun da karya takan koma wannan yanayi kusan duk bayan wata shida, saboda haka karo na uku zai same ta tana dab da cika shekara biyu. Aikinka a yanzu tsaro ne: yanayin yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, warinta yana kiran karnuka daga nesa, kuma katangar da ta gagari ɓarawo ba lallai ne ta gagari karen unguwa ba. A ajiye ta a ɗaki mai rufi da ƙofa har mako ukun su cika, kada raguwar jinin ta ruɗe ka, domin daidai lokacin da jinin ya ragu ya yi fari-fari ne take karɓar namiji.

Abin da ka ce ka mance, ka liƙa shi a ƙarshen wasiƙa, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Idan hannu ɗaya karnukan nan biyu suka fito, akwai yiwuwar uwarsu ɗaya ko ubansu ɗaya, ko ma duka biyun. Kowane kare, komai kyansa, yana ɗauke da wasu lahani ɓoyayyu da ya gada, waɗanda ba sa bayyana sai ɗa ya gaji iri ɗaya daga uwa da kuma uba, kuma ba inda hakan ya fi saurin faruwa kamar tsakanin 'yan gida ɗaya. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, ba ta yi wa 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa rajista. A wurinmu hatsarin ya fi haka yawa, saboda karnukan da aka shigo da su daga waje tun farko ba su da yawa, sai ka tarar rabin karnukan gari jikokin kare ɗaya ne. Ka koma wurin wanda ya sayar maka, ka nemi ya nuna maka iyayen kowanne da idonka. Takardar asali da za a iya bugawa a shagon kwamfuta cikin minti goma ba hujja ba ce a wurina, sai idan ana iya bin sawunta har zuwa karnukan da aka rubuta a cikinta.

Sai lafiyar ƙashi. Wani hafsan sojan Jamus mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa wannan iri a 1899 don kiwon tumaki, wato kare ne na aiki wanda ake so ya yini yana sassarfa bai gaji ba. Amma cutar da ta fi bin irin a yau ita ce rashin zaman kan ƙashin cinya daram a cikin kwatangwalo, abin da kan sa kare ya fara ɗingishi yana ɗan shekara ɗaya ko biyu, ya riƙa tsalle da ƙafafun baya tare kamar zomo, daga baya tashi ma ya gagare shi. Ana gadonta, kuma ido ba ya ganinta da wuri, sai hoton ƙashi. A Birtaniya ana ɗaukar hoton daga wata 12, a Amurka kuwa ba a ba da takardar shaida ta dindindin sai kare ya cika wata 24. Kana Kaduna, asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi maka nisa ba, can ne wurin fara tambaya. A duba kwatangwalo da gwiwar ƙafafun gaba na macen da na namijin duka, kuma idan hoton ya nuna lahani, to karyarka ta ci gaba da gadin gidanka cikin mutunci, amma ba uwar kiwo ba ce. Wannan hukunci ne mai ɗaci ga wanda ya riga ya ƙirga riba, kuma a nan ake bambance mai kiwo da mai tara karnuka.

Akwai cututtuka biyu da barbara kanta ke yaɗawa, waɗanda ya kamata likita ya bincika kafin a haɗa kowane kare da karyarka. Ta farko ita ce burusela ta karnuka, wadda ke sa ɓari a ƙarshen ciki, tana hana haihuwa, tana da wuyar rabuwa da jiki, kuma tana iya kama mutumin da ya taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara. Gwajin jini ne ke gano ta. Ta biyu wani tsiro ne mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar kare, yana bin karnukan da ke yawo sakaka, yana kuma ƙaura daga wannan zuwa wancan a lokacin barbara. Namijin da ake yawo da shi gida-gida ana karɓar kuɗi ba tare da gwaji ba shi ne babbar hanyar shigowar waɗannan biyun.

Hali ma gado ne, kuma Hausawa sun riga mu faɗa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karen da ke ɓuya idan ya ji ƙarar babur, ko wanda ke kai wa yaran gida cizo ba dalili, bai kamata a yaɗa irinsa ba ko da ya fi kowa girman kai da kyan gashi. Mutane da yawa suna ɗaukar kare mai hargagi a matsayin jarumi, alhali yawanci tsoro ne ke sa shi hargagin, kuma masu ɗaure kare dare da rana ko dukansa wai don ya yi zafi suna haɗa abin da wata rana zai faɗa kan ɗan maƙwabci ne. Karen gadi na ƙwarai natsattse ne, ya san na gida ya san baƙo, yana jin kiran mai shi ko a tsakiyar fushi.

Game da sana'a kuwa, ina roƙonka ka yi lissafin daga ɓangaren kashewa. Karya irin taka takan haifi shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, kuma a lokacin shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Ga kuɗin gwaje-gwaje, ga na riga-kafi da maganin tsutsa na kowane ɗa, ga kuɗin tiyata da dole ka ajiye a gefe ko da haihuwa za ta zo da gardama cikin dare. Kwikwiyon da bai samu mai saye ba har ya kai wata huɗu yana cin abinci kusan kamar babba, farashinsa kuma sauka yake yi. Saboda haka ka fara da wannan karya ɗaya tilo, kuma kada a yi barbara sai kana da sunayen gidaje biyar ko shida da ka sani, waɗanda suka ce suna so kuma ka ga inda za su ajiye. Yarjejeniya da mai namiji, ko kuɗi ne ko zaɓin ɗa guda, a rubuta ta gaban shaidu tun kafin a haɗa su, domin rabon 'ya'yan kare ya sha ɓata maƙwabtaka.

Idan lokacin ya yi, a tabbatar an sabunta mata riga-kafi an kuma ba ta maganin tsutsa kafin barbara, domin ba a son yin yawancin alluran tana da ciki. Cikin karya yakan kai kwana 63, da ɗan gaba ko baya, kuma ana iya tabbatar da shi ta hanyar sikanin daga wajen kwana 25 zuwa 30. A mako biyar na farko ba ta bukatar ƙarin abinci, ƙiba ma wahalar naƙuda take jawowa. A mako uku na ƙarshe ne ake ƙarawa sannu a hankali, a rarraba shi kashi uku ko huɗu a yini. Kada a ba ta ƙwayoyin kalsiyam tana da ciki sai da umarnin likita, domin suna iya jawo mata jijjiga bayan haihuwa, wato abin da ake gudu ke nan. A shirya mata wurin haihuwa mako guda kafin lokaci, ɗaki mai daɓen siminti, mai iska, nesa da hayaniya. Zafin jikin kare yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan kana aunawa safe da yamma a makon ƙarshe za ka ga ya sauka ƙasa da 37.5, alamar cewa naƙuda na tafe cikin kwana guda.

Yawancin karnuka suna haihuwa da kansu, aikinka zuba ido ne da riƙe lambar likita a kusa. Abubuwa uku ne ba a jira a kansu: idan ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, idan an wuce awa biyu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura a ciki, ko idan koren ruwa ya fito tun ba a haifi na farko ba. Allurar naƙuda da wasu ke saya a kemis su yi da kansu tana iya fasa mahaifa idan ɗa ya gicciye, don haka ba ta da wuri a hannunka. Idan uwa ba ta yage jakar da ɗan ya fito a ciki ba, kai ka yage, ka share hanci da baki, ka goge jikinsa da tawul har ya yi kuka. Kowane ɗa ya sha dakashi a yinin farko, domin daga nan yake samun garkuwar da za ta riƙe shi makonnin farko, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya iya ɗaukarta. Jarirai ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, suna bukatar wuri mai zafin digiri 29 zuwa 32 a makon farko, abin da ya sa haihuwar tsakiyar hunturu ke cin 'ya'ya da yawa a hannun wanda bai shirya ba. Ka riƙa auna kowanne a sikelin kicin kullum kana rubutawa. Lafiyayye yakan ninka nauyinsa cikin kamar kwana goma, wanda ya tsaya cak kuwa yana gaya maka akwai matsala tun kafin ta bayyana. A kuma kiyaye su daga kwanciya a ƙasa mai damshin fitsari, inda wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru.

Idanunsu kan buɗe tsakanin kwana 10 da 14. Maganin tsutsa yana farawa daga mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har su kai mako takwas, domin tun a ciki da kuma ta nono suke ɗaukar tsutsar daga uwa. Daga mako uku zuwa huɗu ake fara ba su abincin kwikwiyo da aka jiƙa. Tuwon da ya kwana da ruwan miya ba ya gina ƙashin babban kare, albasar da ke cikin miya ma guba ce ga jininsa. Tsakanin mako uku da goma sha biyu ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka a matsayin duniya, saboda haka ya saba da hannun mutane, da muryar yara, da ƙarar janareta, da ganin awaki da kaji, duk a hankali kuma a cikin gida. Allurar farko, mai haɗe da riga-kafin cututtuka da dama, ana yinta a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har mako 16. Likita mai rajista ne zai yi ta, domin allurar da ta yini a jakar mai yawo a babur, ko ta kwana a firjin da ba wuta, ruwa ce kawai.

Kada ɗa ya bar uwarsa kafin mako takwas. Na san ana tallar 'yan mako huɗu da biyar a intanet, saboda a lokacin ne suka fi ban sha'awa kuma mai sayarwa yana gudun ciyarwa, amma a waɗannan makonni ne uwa da 'yan uwa ke koya wa kwikwiyo iyakar cizo, kuma a Ingila doka ce ta hana sayarwa kafin mako takwas. Ka lura da wani abu: allurar haukan kare sai a wata uku ake yinta, wato bayan ɗan ya bar hannunka. Ka rubuta ranar a katin riga-kafin da za ka miƙa wa mai saye, ka kuma kira shi idan ranar ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin allurar a nan gida.

Ka tambayi mai saye kamar yadda shi ma zai tambaye ka: gidan nasa ne ko haya, akwai katanga da inuwa, wa zai ciyar idan ya yi tafiya, iyalinsa sun yarda? Ka faɗa masa duk aibin da ka sani, ka kuma yi masa alkawarin karɓar karen idan zama ya gagara, domin karen da aka gaji da shi titi ake sakar masa, kuma kai ne ka kawo shi duniya. Ita kuwa uwar, a bar ta ta tsallake karo ɗaya bayan kowace haihuwa ta mai da jikinta. Ƙungiyar Birtaniya da na ambata ba ta karɓar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya, ko haihuwar wadda ta kai shekara takwas, ko ta wadda aka riga aka yi wa tiyata sau biyu, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko da ba wanda zai tilasta maka shi.

TAMBAYA: Likita, Allah ya ƙara basira. Ina da sha'awar wannan kiwo, amma wani abokina ya ce kuɗin kare haramun ne. Yaya abin yake?
Daga wani ɗalibi, Katsina.

AMSA: Amin, ɗan'uwa. Fatawa ta malamai ce, wannan kuwa filin kiwo ne, amma saɓanin da ke cikin mas'alar sananne ne, kuma ya dace ka san shi kafin ka je gaban malaminka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kuɗin kare, haka kuma ya tabbata cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, in ban da karen farauta da na kiwo da na gona. Shafi'awa da Hanbalawa sun hana sayar da kare kowane iri, Hanafawa sun halatta sayar da mai amfani. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Zance mafi shahara a mazhabar shi ne hani, amma an ruwaito daga Sahnun cewa shi zai sayar har ya yi aikin hajji da kuɗin. Malamai da dama sun ƙiyasta gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan akwai bukata ta gaske. Ka warware wannan da malamin da ka amince da shi tun kafin ka sayi karya, kada sai 'ya'ya takwas sun cika maka tsakar gida sannan zuciyarka ta fara raba maka hankali. Abin da ba saɓani a kansa shi ne haramcin barin dabba da yunwa da ƙishirwa, da haramcin ɓoye aibi a ciniki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, a Sakkwato nake, kuma na ga Kokeshiyan ne ake yayi saboda girmansa. Shi nake son kiwo. Me ka gani?
Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato.

AMSA: Alhaji, ban ba ka goyon baya ba. Wannan kare na duwatsun Kokeshiya ne, yankin Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda yake gadin tumaki cikin dusar ƙanƙara, kuma gashinsa hawa biyu ne. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, to ka auna dabba mai nauyin fiye da kilo 50 sanye da bargo a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Zafi yana kashe irin waɗannan karnuka cikin sa'o'i, yana rage ƙarfin haihuwar namiji, kaska kuma tana samun maɓoya a gashin. Ko da kai kana da ɗaki mai na'urar sanyi da wutar da ba ta yankewa, waɗanda za su sayi 'ya'yan fa? Idan gadi ake nema, karnuka masu gajeren gashi sun fi dacewa da ƙasarku, su ma da inuwa da ruwa a kowane lokaci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake abin da ke ƙofarmu. Arewa da ku, a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye sun daɗe suna kiwon wani dogon kare siriri mai gudu, wanda ke gadin zango yana kuma kama barewa da zomo. Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa da sunan Azawak. Karnukan mafarautanmu ma sun saba da zafi da ƙarancin ruwa, kuma mafarauci na gaske ya san uwar karensa da kakarsa, ya san wadda ke da hanci da wadda ke da zuciya. Wanda zai zaɓi masu lafiya da kyan hali daga cikinsu, ya yi musu riga-kafi, ya ajiye tarihin haihuwarsu a rubuce, zai yi aikin da ya fi shigo da kare mai bargo amfani.

TAMBAYA: Likita, sannu da aiki. Karyata Rotwaila ta haifi bakwai. Na sayar da biyu suna mako bakwai, kwana uku bayan haka sauran suka fara amai da gudawa mai jini da wari, huɗu suka mutu duk da an yi musu allura ɗaya. Yaushe zan iya sake gwadawa?
Daga wata mai karatu, Jos.

AMSA: Malama, sannu da wannan rashi. Alamomin da kika bayyana sun yi kama da cutar fabo, ko da yake gwajin kashi ne zai tabbatar. Ƙwayar cuta ce da ta bayyana a duniya a 1978, tana cinye bangon hanji, kuma Rotwaila na cikin irin da ta fi yi wa illa. Allura ɗaya ba ta isa ba, domin garkuwar da kwikwiyo ya sha a dakashi tana iya kashe ƙarfin allurar farko, daga baya ita ma garkuwar ta ƙare ta bar shi a fili. Dalilin maimaitawa har mako 16 ke nan. Cutar tana fita a kashi, tana kuma shiga gida a takalmi da hannu da tayar mota, kuma sau da yawa masu zuwa kallon 'ya'ya bayan sun zaga wasu gidajen kiwo ne ke kawo ta. Nan gaba baƙo ya cire takalmi ya wanke hannu, ko ya tsaya daga nesa.

Ƙwayar tana rayuwa watanni a ƙasa, a wuri mai inuwa da damshi har shekara. Magungunan wanke ɗaki masu ƙamshi ba sa kashe ta. A fara wanke daɓe da kwanuka da sabulu, sannan a zuba bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye, tsummokara da tabarmi kuwa a ƙone su. Ƙasar tsakar gida ba ta wankuwa, saboda haka ki ba gidan shekara guda, wadda ita ma karyar take bukata don ta murmure, a sabunta mata riga-kafi kafin barbara ta gaba, ta kuma haihu a ɗakin siminti dabam da na farko. Wanda ya tsira zai ci gaba da fitar da ƙwayar na wasu makonni, don haka a ware shi, a kuma yi masa wanka kafin ya haɗu da wani kare.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Cutar takan yi kwana uku zuwa bakwai a jiki, wani lokaci har mako biyu, kafin ta nuna kanta, wato biyun da kika sayar suna iya kasancewa sun tafi da ita. Ki kira mutanen nan biyu yau, ki gaya musu abin da ya faru, su raba 'yan kwikwiyon da sauran karnuka, su kuma kai su asibiti da zarar sun ga sun ƙi abinci ko sun yi amai, domin ƙarin ruwa da wuri shi ne ke ceton yawancin waɗanda suka rayu.